Abin da Na Kira Ama Ranar Alhamis

Litinin, 13 ga Mayu, 7:10 na safe

Ama, mahaifiyata, tana asibiti tun jiya. Ƙashin ƙugunta na hagu ne ya karye. Amalanken kwalinta ya ƙwace mata a gangaren Shek Kip Mei ana tsaka da ruwa, ita kuma ta ƙi saki, ya ja ta har bakin kwalbati. Shekararta saba'in da takwas.

Ƙanena Yiu-ming ne ya kira ni. Da na isa na tarar da shi a bakin ɗakin da aka kwantar da ita, rigarsa jiƙe sharkaf, yana riƙe da takalminta ɗaya.

Ya ce, "Yaya, me ya kai ta can sama? Shekara goma sha ɗaya tana tsintar kwali a titin bayan kasuwa, titin da yake shimfiɗe kamar faranti. Me za ta nema a kan tudu?"

Na ce ban sani ba.

Talata, 14 ga Mayu, 4:00 na yamma

An yi aikin. Likita ta ce ya yi kyau, sun sa ƙarfe. Ta ce masu shekarun Ama kan rikice na 'yan kwanaki bayan allurar barci, kada mu damu da abin da za ta riƙa faɗa.

Laraba, 15 ga Mayu, 1:30 na rana

Na kai mata kunun shinkafa da kifi, na dafa da kaina tun asuba. Ta juya fuska bango. Bayan rabin awa Sau-lan, matar Yiu-ming, ta shigo da nata na saye a roba, Ama ta buɗe baki ta sha cokali tara.

Sau-lan ta ce wai ƙila nawa ya yi zafi ne. Mutuniyar kirki ce Sau-lan. Kunun ya riga ya huce tun a cikin jirgin ƙasa.

Laraba, 6:00 na yamma

Tana ta maimaita wata kalma, idonta a rufe. "Sika-banja. Sika-banja."

Yiu-ming ya sunkuya ya kasa kunne, ya ɗago ya dube ni. "Ke ce mai Turanci. Me take cewa? Sunan magani ne?"

Na ce surutun zazzaɓi ne.

Alhamis, 16 ga Mayu

Mako biyu cif yau. Ba zan rubuta zancen ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, 12:40 na rana

Goggo Fung ta zo dubiya. Ita ce abokiyar tsintar Ama, tare suke kai kwali shagon awo kowace yamma a auna a biya su, tare suke faɗa a kan wa ta fara ganin kwalin firji. 'Yar firit ce, bayanta a lanƙwashe, amma muryarta sai da ta tashi tsohuwar da ke gadon ƙarshe.

Ta tsaya a kan Ama ta ce, "Kin ga abin da rowa ta jawo miki? Da kin saki amalanken da yanzu kina gida. Kwali ne fa, ba jikanki ba ne!"

Ama ta yi dariya. Dariyar farko ke nan tun Lahadi. Ta ce, "Ke da kike yayyafa wa naki ruwa don ya yi nauyi, ke ce za ki yi min wa'azi?"

"Ni? Raɓa ce!"

Ina tsaye a gefe da lemun da ta kawo a hannuna, kamar wadda ta shigo ɗakin da ba nasu ba. Da za ta tafi na raka ta bakin lif. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan takalmina.

Ta ce, "Lai-kuen, kin san uwarki ta ba ni titinta? Kyauta. Titin da ke da shagon magani uku, ga mai sayar da talabijin. Wa yake ba da irin wannan titi? Na ce mata ko kin haukace ne, ta ce iskar tudu take so."

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To. Ba ki sani ba."

Lif ya zo, ta shiga.

Asabar, 18 ga Mayu, 9:00 na safe

Ba don rashi take yi ba, kowa ya san haka. Ba mu bar ta da yunwa ba, daga ni har Yiu-ming. Sau nawa na ce ta daina? Takan ce in ta zauna a ɗaki bango ne zai cinye ta. Da kwalin nan ta san duk masu shagon unguwa, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda ɗansa ya gudu Kanada.

Ofishinmu ne ya dawo kusa da ita a watan Janairu, ba ita ta biyo ni ba. Ranar da na gaya mata har murna ta yi. Ta ce yanzu za mu riƙa haɗuwa a hanya.

Litinin, 20 ga Mayu, 1:15 na rana

Na koma aiki. Kowa ya fita cin abinci, na ce ba na jin yunwa.

Na sauko da ƙamus ɗin Turanci da kamfaninmu yake bugawa na 'yan sakandare, bugu na huɗu. Harafin S duka ni na rubuta shi, shekara tara da suka wuce. Scavenger. Ita ce sika-banjar Ama. Ga ta nan, yau ne karon farko da na rubuta ta da hannuna a wannan littafin nawa na kullum.

Ma'ana ta ɗaya: dabba ko tsuntsu mai cin mushe, kamar ungulu da kura. Ma'ana ta biyu: mutumin da ke tonon shara yana tsintar abin da zai yi amfani. Misalin jimlar da na bayar a kan ungulu ne. Na tuna har na nemi a sa hoto, aka ce babu wuri.

Na rufe littafin na mayar da shi inda yake.

Talata, 21 ga Mayu, 7:30 na safe

Hankalinta ya dawo daidai. Ta daina faɗin kalmar. Na fi son lokacin da take faɗa.

Laraba, 22 ga Mayu, 5:45 na yamma

Yau na shiga manyan ƙamusoshin da ke ɗakin ajiya, waɗanda ba mai taɓawa. Ashe kalmar ba da ungulu ta fara ba. Can da, a Ingila, sunan ma'aikacin gari ne da ke duba kayan baƙin 'yan kasuwa a bakin ƙofa. Daga baya ta koma sunan wanda gari ya ɗora wa tsaftar tituna. Aiki ne na hukuma, mutum yana da muƙaminsa. Ungulu daga baya ta shigo.

Akwai wasu kuma. Makanikai suna amfani da ita in sun cire ƙarfe daga matacciyar mota sun tayar da wata. Masu haɗa magunguna suna kiran wani sinadari da ita, wanda ake zubawa ya janye datti ya bar abu da tsabtarsa. Har wasan yara akwai, a ba su jerin abubuwa su bazu nema, wanda ya fara tarawa ya ci.

Na kwafe su duka a takarda da manyan baƙaƙe, yadda Ama za ta iya gani ba tabarau. Na ninke na sa a jaka. Raina har ya ɗan yi sanyi, kamar wadda ta samo shaidar da za ta wanke ta.

Alhamis, 23 ga Mayu

Mako uku. Takardar tana jaka.

Asabar, 25 ga Mayu, 3:00 na yamma

Amalanken yana can inda ta faɗi, wani mai shago ya ɗaure shi jikin ƙarfen gefen titi. Goggo Fung ta ce in ba a ɗauko ba ma'aikatan tsafta za su kwashe, ita kuma gwiwarta ba ta hawa tudu. Na ce zan je. Ta ce za ta jira ni a ƙasa ta ga ikon masu digiri.

Ban san yana da nauyi haka ba, ko da babu kaya. Tayar gaba ɗaya ta karkace. A gangaren nan sai da na jingina bayana baya ina tirjewa, takalmina yana zamewa. Ita kuwa da kwalin da ya fi tsayinta ta sauko, a cikin ruwa.

Mutane suna ratse ni ba mai kallon fuskata. Wani saurayi ya jefa gwangwanin lemo a cikin amalanken yana tafe yana waya.

A ƙasa Goggo Fung ta karɓa, ta duba tayar, ta ja tsaki. Muka zauna a dakalin shagon awo ta sayo mana shayi mai madara. Sai da ta sha rabi sannan ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Wata Alhamis da yamma, farkon watan nan, uwarki ta zo nan da wata kalma a bakinta, tana ta nanatawa kar ta manta. Ta ce wa Kan mai awo ya tambayar mata wayarsa. Sau huɗu tana faɗa kafin wayar ta gane. Kin san abin da ya fito?"

Na ajiye kofina.

"Tsuntsu. Wuyansa ba gashi, kansa cikin cikin mushen jaki. Mai awon ya yi maza zai kife wayar, ta riƙe masa hannu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, 'Ashe ma yana da fukafukai manya.' Ta karɓi awonta ta tafi. Washegari ta ba ni titi."

Na ce, "Ta gaya miki wanda ya faɗa?"

"Ba ta gaya min ba. Amma ni a duk mutanen da ta sani, mutum ɗaya na san yana Turanci."

Lahadi, 26 ga Mayu, 8:00 na safe

To, bari in rubuta.

Alhamis, biyu ga wata, ƙarfe ɗaya saura. Misis Pritchard ta zo daga ofishin Landan, ita ce za ta yanke wanda zai shugabanci bugu na biyar. Mu huɗu muka fito za mu kai ta cin abinci. Na sa jakit ɗina mai ruwan toka. Muna tafe tana yaba min lafazi, tana cewa ta ɗauka a Ingila na yi karatu.

A kwanar shagon magani sai ga Ama. Tawul a wuya, safar hannu mai yankakkun yatsu, tana tattake kwali da ƙafa. Ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu ta ce, "A-Kuen!" da ƙarfi, yadda take kirana cin abinci tun ina yarinya.

Misis Pritchard ta ce, "Kin san ta ne?"

Na yi murmushi. Na ce da Turanci, ɗaya daga cikin masu tsintar bolar tsohuwar unguwarmu ce. Da waccan kalmar na faɗa. Na ɗan gyaɗa wa Ama kai kamar yadda ake yi wa mai gadi, muka wuce. Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba.

Ban waiwaya ba. Na ci abincin, har na ƙara.

Na ce da yamma zan kira ta in yi mata bayani. Da yamma na ce gobe. Kwana goma ina cewa gobe.

Litinin, 27 ga Mayu, 2:00 na rana

An mayar da ita asibitin koyon tafiya. Ta yi taku shida da ƙarfen dogarawa, ta zagi mai koya mata sau biyu.

Laraba, 29 ga Mayu, 6:30 na yamma

Na same ta ita kaɗai, an ja labule. Na zauna na fito da takardar.

Na ce, "Ama, kalmar nan da kika ji. Ina so in gaya miki ma'anarta."

Ba ta juya wa bango fuska ba. Na fara karantawa. Ma'aikacin gari mai duba kaya. Mai kula da tsaftar titi. Mai tayar da mota da ƙarfen wata. Sinadarin da ke janye datti. Muryata ta koma irin ta aji, ina ji, na kasa gyarawa. Da na kai wasan yara ta ɗaga hannu.

"A littafin da kika rubuta, wanne ne na farko?"

Na ce, "Ama, ai ba haka ake..."

"Wanne ne na farko?"

Na ce tsuntsun.

Ta gyaɗa kai. Ta gyara bargon a kan ƙafarta, ta daɗe tana lallatsa bakinsa.

Ta ce, "Tsuntsun bai dame ni ba. Shi ma abincinsa yake nema, bai kashe kowa ba. Shekara ashirin da biyu ina goge ofisoshin Turawa, an kira ni abin da ya fi wannan, ban ma sani ba. Ni Turancina guda nawa ne? Na san na gode, na san yi haƙuri, na san uwa. Ke kika koya min na ƙarshen kina aji ɗaya, kika sa ni na yi ta faɗa har kika ce na iya. Ranar nan da matar ta tambaye ki, na gane tambaya ce. Sai na tsaya ina jiran in ji wanda na sani."

Na ce, "Ama, ki yafe min."

Ta ce, "Na ji. Ɗauke takardarki, za a kawo abinci."

Alhamis, 30 ga Mayu

Ban je aiki ba. Ban je asibiti ba.

Juma'a, 31 ga Mayu, 11:00 na safe

Na rubuta wa Misis Pritchard. Na ce tsohuwar da muka gani a kwanar shagon magani mahaifiyata ce, sunanta Szeto Yuk-chun, ita ta yi ta goge ƙasa har na gama jami'a. Sai da na goge na sake sau biyar kafin na aika.

Amsa ta zo kafin awa ɗaya. Layi uku. Ta ce ba ta tuna wata tsohuwa ba, amma tana yi wa mahaifiyata fatan samun sauƙi, kuma tana taya ni murna, ni aka zaɓa wa bugu na biyar, takardar na tafe.

Ko tunawa ba ta yi ba.

Lahadi, 2 ga Yuni, 4:20 na yamma

Na gaya wa Yiu-ming a wurin ajiye motoci. Na ɗauka zai yi min ihu, na ma fi son ya yi. Ya tsaya yana juya makulli a yatsa.

Ya ce, "Ni ma akwai ranar da na hango ta ina tare da surukina, na tsallaka ɗaya gefen titin. Bambancinmu, ni ba ta gan ni ba."

Na ce, "Kai ba ka jefa ta kan tudu ba."

Ya ce, "Yaya, ba ke kika saukar da ruwan sama ba."

Bai ce ba laifina ba ne. Na lura.

Talata, 4 ga Yuni, 1:00 na rana

A taron safe na kawo shawarar a sauya jerin ma'anonin a sabon bugu, mutum ya zo kafin tsuntsu. Lam, wanda ke kula da ƙididdigar kalmomi, ya duba kwamfutarsa ya ce ta dabba ta fi yawa a rubuce-rubuce nesa ba kusa ba, kuma ƙa'idarmu ita ce wadda aka fi amfani da ita ta zo farko. Ya ce ni na rubuta ƙa'idar.

Gaskiyarsa. An bar shi yadda yake.

Alhamis, 6 ga Yuni, 5:00 na yamma

Jami'ar walwala ta tara mu a kan inda Ama za ta zauna in an sallame ta. Ɗakinta hawa na biyar ne, ba lif, wannan ya fita. Na ce gidana akwai lif, akwai ɗaki a banza, na riga na sa an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Gidan Yiu-ming a Tuen Mun ɗaki biyu ne, su huɗu a ciki.

Jami'ar ta ce, "To ai magana ta ƙare. Ko ba haka ba, Kaka?"

Ama ta ce, "Wajen Yiu-ming zan je."

"Amma Kaka, can sai dai a falo za ki kwana."

"Falon ya ishe ni. Ita baƙi suna zuwar mata."

Ba wanda ya dubi wani. Jami'ar ta rubuta.

Asabar, 8 ga Yuni, 2:30 na rana

An sallame ta. Na riƙe jakar kayanta har bakin tasi. Babu wurin mutum na huɗu saboda keken guragu, sai na tsaya ina ɗaga musu hannu.

Litinin, 10 ga Yuni, 7:00 na yamma

Yau bikin tseren kwale-kwale, ranar da ake cin ƙullin shinkafa a ganye. Sau-lan ta kira ni da safe ta ce in zo, Ama ta tayar musu da hankali, ta ce ba za ta ci ƙullin shinkafar kanti ba, a gida za a ƙulla. Sau-lan ba ta iya ba. Ni ma rabona da shi tun ina sakandare.

Na tarar an jiƙa ganyen gora a bahon wanka, shinkafa da wake da naman alade a kwanoni a kan teburin falo. An jingina Ama da matasai uku a kan gadon da aka kafa mata kusa da talabijin, tana ba da umarni kamar mai gidan abinci. Ta ce wa Yiu-ming ya matsa, hannunsa na direba ne. Ta ce Sau-lan ta cika gishiri. Ni ba ta ce min komai ba. Na gaishe ta, ta amsa wa talabijin.

Na ja kujera na zauna a bakin gadon na fara. Na farko ya fashe. Na biyu ya fito kamar takalmi, yaran suka yi ta dariya. Ina kan na uku, na naɗe ganyen na kama zare zan ɗaure, sai na ji tas a bayan hannuna.

"Ba haka ba! Wa ya koya miki? Sakwa-sakwa za ki ɗaure shi ya zube a tukunya? Kawo nan."

Ta kama yatsuna da nata, masu kaushi kamar bawon itace, ta danna babban yatsana a kan kusurwar ganyen, ta zagaya zaren sau uku ta ja har ya shige min fata. Ta ce in riƙe nan, kar in saki sai ta ce. Na riƙe. Ta ɗaure, ta juya shi ta duba, ta jefa cikin kwano.

"Saura ashirin. Yi sauri, ruwa ya tafasa."

Ba ta ƙara ce min komai ba har na tafi. Ba ta ce in dawo ba, ba ta kuma ce kar in dawo ba.

Ina cikin jirgin komawa gida nake rubuta wannan. Bayan hannuna ya yi ja, har yanzu yana ɗan zafi. Ban shafa masa komai ba.